Kallon tsuntsaye da ɗaukar hoton farin wata: amsar tambayoyin da aka fi yi mini

Tun da aka san ina yawo da kyamara a bakin fadama, ina kuma hawa tudu da yamma don jiran fitowar wata, tambayoyi ba su ƙare ba. Wasu da gaske suke yi, wasu kuma zolaya ce, irin ta "Malam, tsuntsun nan biyanka yake yi?" Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona a Kano da kewayenta, da 'yan tafiye-tafiyen da na yi zuwa gabas.

Sai da babbar kyamara ake farawa?

A'a. Shekara biyu na yi da wayar hannu kafin na sayi kyamara ta hannu, kuma hoton da na fi so har yau da wayar na ɗauke shi: balbela a kan tozon bijimi, ƙura ta tashi a bayansu da hantsi. In kuɗin abu ɗaya kake da shi, ka fara da madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta 8x42 ko 10x42 a jikinsa. Shi zai nuna maka cewa "ɗan tsuntsun nan mai ruwan ƙasa" da ka saba gani iri biyar ne ko shida. Kyamara ta biyo baya.

Wata ya fito ƙato, ja kamar faranti, amma da na ɗauka sai ya zama ɗan ɗigo fari. Wayata ce ba ta da kyau?

Wayarka lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne suka haɗu.

Na farko, wata bai kai girman da ido yake ba shi ba. Yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, kuma faɗinsa a sama rabin digiri ne kawai. Gwada wannan: miƙa hannunka har ƙarshe, ka rufe ido ɗaya, ka sa kan ɗan ƙaramin yatsanka a kansa. Zai rufe shi ruf, ko yana gindin sama ko yana tsaka. Girman da yake yi lokacin fitowa, a bayan bishiyoyi da soraye, ƙwaƙwalwa ce take ƙara masa. Ita kuwa kyamarar waya an yi ta ne don ta kwaso fili mai faɗi, ɗaki guda da mutanen cikinsa, shi ya sa wata yake ƙanƙancewa a cikinta.

Na biyu, wayar tana ganin duhu ya mamaye ko'ina, sai ta buɗe ido sosai don ta haska dare. Alhali wata dutse ne da rana take haskawa, haskensa na rana ne. Sakamakon haka sai ya ƙone ya zama fari fat, babu tabo babu zane.

To yaya zan saita ta?

Fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Yatsa mai maiƙon ƙosai ya ɓata hotunan wata fiye da kowace matsala. Kashe fitilar kyamara, kashe tsarin ɗaukar dare, domin shi aikinsa ƙara haske ne, kai kuwa ragewa kake nema. Jawo hoton daidai iyakar gilashin wayar na gaskiya, sau biyu ko uku. Abin da ya wuce nan yawanci kumbura hoton kawai wayar take yi. Sannan ka danna kan watan ka riƙe har ta kulle, ka ja ɗan alamar ranar nan ƙasa, ƙasa, har sai ka fara ganin tabon da ke fuskarsa.

In wayarka tana da sashen da aka rubuta Pro, kamar yawancin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu, sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, a 50 ko 100, saurin ƙiftawa kuma tsakanin 1/250 da 1/500 na daƙiƙa, ka mayar da saitin nisa can ƙarshe wajen alamar dutse. Mai babbar kyamara ya fara da buɗin idon gilashi f/11 da ISO 100 da saurin 1/100, ya gyara daga nan.

Saura rawar hannu. Ba sai ka sayi ƙafa-uku ba. Ni safa nake cikawa da gero, in ƙulle bakinta, in ɗora a kan katanga ko rufin mota, in kwantar da wayar a kai. Sai in sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, don kada taɓawar yatsa ta girgiza ta. Wanda yake da madubin hangen nesa ya manna idon wayar a kan ido ɗaya na madubin. Da wuya a daidaita su karon farko, za ka yi ta ganin baƙin zobe, amma ranar da ta zauna za ka ga ramukan wata a wayar da ba ta kai dubu ɗari ba.

Wane dare ya fi dacewa? Na sha huɗu?

Nan ne muke da sa'a, domin lissafin da masu ɗaukar hoto na wasu ƙasashe suke nema a manhaja, mu yana bakin kowace tsohuwa. Wata yana zagayowa cikin kwana 29 da rabi, yana cika a kwanakin nan da ake azumin nafila, 13 da 14 da 15. Ranar da ya cika sosai, yana fitowa daga gabas daidai lokacin da rana take faɗuwa a yamma. Wato daidai kiran magariba. Ka ga matsala: ko sahu ko hoto, kuma kafin a sallame ya yi sama, gari ya yi duhu.

Mafita ita ce ka fita kwana ɗaya kafin cikarsa. A matsakaici wata yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50 kowace rana, saboda haka a jajiberin cikarsa yana bayyana tun da sauran rana. Ido ba zai bambanta shi da cikakke ba, ga shi sama tana da sauran shuɗi, bishiya da hasumiya suna da launinsu. A wannan ɗan tsakanin ne kaɗai hasken wata da na ƙasa suke daidaita, waya ta iya ɗaukar su tare ba tare da ɗaya ya ƙone ko ɗaya ya nutse ba. Dama ta biyu kuma bayan sallar asuba ce, washegarin cikarsa, ka juya yamma ka same shi yana gangarawa gari na wayewa. Na fi son wannan. Babu hayaniya, iska ba ta da ƙura sosai, ga tsuntsaye sun fara tashi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: cikakken wata shi ne mafi ƙarancin armashi in ramukansa kake so. Rana tana dukansa gaba da gaba, babu inuwa. Daren bakwai ko takwas, lokacin da yake rabi, duwatsun da ke kan iyakar haske da duhu suna fitowa raɗau.

Ta yaya ake sa wata ya yi girma a bayan gini ko bishiya?

Da ƙafa ake yi. Ka zaɓi abin da kake so, kuka ce ko giginya ko Dutsen Dala, ka tsaya yamma da shi, ka yi nisa sosai, mita ɗari biyar ko fiye. Nisan zai ƙanƙantar da bishiyar, wata kuwa girmansa ba ya canzawa, to in ka jawo su tare sai ya zama kamar ya fi ta. Ka lura kuma ba a wuri ɗaya yake ɓullowa ba duk shekara: cikakken wata na Disamba yana fitowa ta arewa maso gabas, na Yuni ta kudu maso gabas. Ka je kwana ɗaya kafin ranar ka ga inda ya fito, ka sa alama da dutse.

Hazo yana hana ɗaukar hoto?

Mai kauri yana hanawa. Akwai daren da wata ba ya bayyana sai ya yi sama sosai. Amma siririn hazo na farkon hunturu kyauta ce: yana rage masa ƙarfi, ya ba shi launin jan ƙarfe, har waya ta ga tabonsa ba tare da wahala ba. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso ta, kuma laushinta kamar hoda, tana shiga ko'ina. Kada ka canza gilashin kyamara a fili a watannin nan, kada kuma ka goge shi a bushe kafin ka hure ƙurar, in ba haka ba kai da kanka za ka karce shi. Sama mafi tsabta kuwa ita ce ta bayan an ɗauke ruwan sama, a Satumba da farkon Oktoba.

Na ga hoton wata da aka ce da waya aka ɗauka, kowane rami ya fito. Gaskiya ne?

Wani gaskiya ne, wani kuma da hannun manhaja a ciki. Akwai wayoyin da aka horar su gane wata, da zarar sun gan shi sai su ƙara masa zanen da gilashinsu bai gani ba. Ba laifi ba ne, amma kada ka auna naka hoton da shi ka karaya.

Husufin wata fa?

Ba ya faruwa sai a daren cikar wata, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana. Ana kallonsa da ido kai tsaye, ba kamar na rana ba. Na daren Juma'a 27 ga Yuli 2018 ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe, shi ne mafi tsawo a wannan ƙarni. Saitin da na faɗa a sama ba ya aiki a nan, domin watan ya dushe ƙwarai: sai ka ɗaga ISO, ka bar kyamara a buɗe kusan daƙiƙa guda, kuma dole ta zauna a kan wani abu. A unguwarmu daren nan yara suna ta dukan gwangwani, masallaci ana sallar husufi, ni kuma na fito da hoto ashirin duk sun yi rawa.

Ina cikin gari. Ina zan ga tsuntsaye ban da tattabara da hankaka?

A tsakar gidanka. Samo kasko mara zurfi, ka zuba ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa, ka sa dutse a tsakiya, ka ajiye a inuwa kusa da wata 'yar bishiya, inda kyanwa ba za ta laɓe ba. Yi wannan a bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da kududdufai suka ƙafe. Kwana uku na farko ba za ka ga kowa ba. Daga nan kurciya za ta fara zuwa, tana taku tana gyaɗa kai, sai jajayen 'yan tsuntsayen nan da ba su kai babban yatsa ba, sai masu shuɗin ciki, waɗanda namijinsu yake da jan ɗigo a kumatu. Wata rana da azahar na ƙirga iri tara a kaskon da bai fi faranti ba. Ka riƙa zubar da ruwan kana sabuntawa kullum saboda sauro.

Bayan gida, ka nemi bishiya mai 'ya'ya. Ɓaure in ya nuna kasuwa ce, daga tsirya har cilakowa. Gawo kuma, da yake shi da rani yake ganye, ya kaɗe da damina, yana tara tsuntsaye lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare. Sai makabarta ta gefen gari da tsofaffin makarantu masu manyan itatuwa, sai gonakin shinkafa na Kura da Kadawa, da bakin madatsun ruwa irin Tiga da Bagauda.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Kowanne da baƙinsa. Shamuwa tana isowa gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ba ta tsoron mutane don ba a taɓa ta. In ka dube ta da madubi za ka ga fuskarta shuɗiya ce, da ja a gaban ido, abin da mai wucewa ba ya lura da shi. Da kaka sai ta tsallaka can kudancin Afirka, inda damina take farawa. A tsakiyar damina kuma ɗan tsuntsun nan ja da baƙi yana kumbura a kan karan gero kamar garwashi. Da rani shi ɗin ne yake komawa ruwan ƙasa, ka rantse wani ne daban.

Daga Oktoba zuwa Maris kuwa lokacin baƙin Turai ne, waɗanda suke gudo wa sanyi su ƙetaro Bahar Rum da Sahara: agwagin ruwa, da masu dogayen ƙafafu na bakin taɓo, da ɗan rawayan nan mai kaɗa jela da yake bin ƙafafun shanu. Wasu suna zuwa da zobe a ƙafa mai lamba. In ka samu hoton da lambar ta fito, ka riƙe shi da kyau, masu bincike suna nemansa.

Game da lokacin yini, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Ka sa rana a bayanka.

Ana ta maganar fadamar Haɗeja da Nguru. Ta cancanci tafiyar?

Ta cancanta, in ka je a kan kari, wato Disamba zuwa Fabrairu. Wuri ne da kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa a tsakanin tuddan yashi, a Jigawa da Yobe, kuma tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Akwai Baturiya a ɓangaren Jigawa, akwai Dagona a ƙasar Bade. Kirinjijiya tana tashi garke guda tana fito, ɗinya tana kiwo a gefen shinkafa, zalɓe ya tsaya cik kamar an dasa shi.

Sai dai kada ka tafi da hoton da tsofaffi suke ba da labari. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take ciyar da fadamar ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cinye wa manoma shinkafa da gero. Gauraka, da ake yi wa kallon tsuntsun da ke alamta ƙasar nan, yanzu ganinta a Najeriya sai an yi dace ƙwarai. Ka nemi mai kwalekwale ɗan garin, ka biya shi da kyau. Ya san inda kowane garke yake kwana fiye da kowace taswira. Wayarka kuma ka rataye ta a wuya da igiya. Kada ka tambaye ni yadda na koyi wannan.

Da na matsa sai tsuntsun ya tashi. Mene ne sirrin?

Ka daina matsawa. Maharban da suke ɗaura kan burtu a goshi suna tafiya a duƙe sun riga mu gane cewa dabba siffar mutum a tsaye take tsoro, da kuma idon da ya kafe ta. Zauna a gindin bishiya, ka jingina, ka yi minti ashirin ba motsi. Daji zai manta da kai. In dole ka matsa, kada ka nufe shi kai tsaye, ka bi ta gefe kamar mai neman abin da ya yar, kana tsayawa duk lokacin da ya ɗaga kai. Farar shadda mai sitaci ka bar ta ranar Juma'a: tana ƙyalli, tana kuma ƙara. Mota ma maɓoya ce mai kyau, tsuntsaye ba su damu da ita ba matuƙar ba ka buɗe ƙofa ba.

Wajen ɗauka, ka saita a kan ido. In ido ya fito, an yafe wa sauran jiki. Mai tashi kuma yana son saurin 1/1000 ko fiye.

Yaya zan san sunan abin da na gani?

Najeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900, ba wanda ya haddace su a shekara guda. Manhajar Merlin kyauta ce, tana gane da yawa daga hoto, amma takan yi kuskure a kan namu, kada ka ɗauki maganarta kamar yankan wuƙa. Rubuta girma, launin baki da ƙafa, inda ka gan shi da abin da yake yi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001, tana tattara irin waɗannan bayanai daga masu sha'awa a faɗin ƙasar.

Sunan Hausa kuwa wajen manoma da masunta da Fulani makiyaya za ka same shi, kuma ka rubuta shi nan take, domin yana ɓacewa. Yaran birni da yawa ba su san carki ba, ba su san ragon maza ba, alhudahuda ma a Suratun Namli kawai suka san shi, alhali yana nan yana caccakar ƙasa a filin makarantarsu da rani.

Da gaske hankaka ba ya ƙwai, ɗan wani yake ɗaukewa?

Yana ƙwai, yana sheƙa, har a kan turakun sadarwa. Kirarin "mai da ɗan wani naka" dai yana da tushe, amma an juya labarin. Akwai wani tsuntsu mai dogon jela da ɗige-ɗige a fiffike wanda yake saka ƙwansa a sheƙar hankaka ya tafi abinsa. Sai a ga hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba. Shi aka cuta, shi kuma aka yi wa suna.

Ina ungulaye suka tafi?

Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna su jere a kan rufin mahauta. Yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba a garuruwa da yawa. Tun 2015 aka sa irin wadda muka saba da ita cikin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya, kuma manyan dalilan su ne guba da farautarta don sayar da kai da sassan jiki ga masu tsibbu. Saboda haka in ka ga inda take sheƙa, ka ɗauki hotonka daga nesa, kada ka rubuta sunan wurin a fili. Haka ma mujiya, wadda ake jifa don camfi alhali ɓeraye take kwana ci.

Mutane ba sa zarginka?

Suna yi, kuma a halin da ake ciki ba zan ga laifinsu ba. Wata safiya a wani ƙauye 'yan sintiri suka kewaye ni ina kwance a kan kunya, na saita dogon gilashi wajen wata tsamiya. Sai da na yi ta nuna musu hotuna ɗaya bayan ɗaya, har babbansu ya ce, "Yallaɓai, duk wannan wahalar a kan tsirya?" Tun ranar, duk garin da na shiga sai na fara gaida mai unguwa, na faɗi abin da ya kawo ni, na nemi yaro ɗaya ya raka ni. Dajin da mutanen wurin suka ce kada a shiga, ba na shiga ko me ke cikinsa. Ba na nufar shingen jami'an tsaro ko bariki da kyamara.

A cikin gari kuma ka kula da hawa bene ko soro don wata. Daga sama tsakar gidan maƙwabta a buɗe take, matan gida suna harkokinsu, kuma ba wanda zai yarda wata kake ɗauka. Ka sanar da maigidan tukuna, ko ka fita fili.

Yarana suna so su bi ni, amma danƙo ne a aljihunsu.

Tafi da su. Yaron da ya iya harbi ya riga ya iya sanɗa, idonsa kuma ya fi naka. Ba shi madubin ya riƙe, ka ce ya nemo maka iri goma kafin hantsi. Sharaɗi ɗaya nake kafa musu: ba a taɓa sheƙa, ba a karya reshen da ya rufe ta don hoto ya fito, domin reshen nan ne yake ɓoye 'ya'yan daga shirwa da zafin rana.

Na tura hoton a WhatsApp sai ya dushe.

Manhajar tana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma gashin tsuntsu da tabon wata su ne farkon abin da yake zubewa. Tura shi a matsayin fayil, ko ka danna HD kafin ka aika. Na asalin kuma ka kwafe shi a wani wuri daban da wayar, ka rubuta kwanan wata na Bature da na Musulunci da sunan wurin, don baɗi ka san ranar da za ka koma gindin kukar nan.